Ku Tambayi Bakanike: Jif Mai Mutuwa a Cikin Yashi

Tambaya

Assalamu alaikum. Malam, ina da jif 'yar tokumbo mai amfani da fetur, ƙirar shekarar 2004, wadda nake kai kayan gini da ita daga Agege zuwa wuraren aiki a yankin Ibeju-Lekki. A kan kwalta lafiya lau take tafiya, amma da zarar na sauka titi na shiga yashi, ko na fara hawan tudu da kaya, sai ta fara shaƙewa, ƙarfinta ya ragu, idan na ƙara taka totur kuma ta mutu gaba ɗaya. In na bar ta ta huta na ɗan lokaci sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. An canja mini famfon mai har sau biyu, kuma yanzu bakanikena yana cewa a sayi na uku. Shin in saya ne, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Daga wani mai karatu a Agege

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi famfo na uku tukuna, domin idan an sa sabon abu sau biyu kuma ciwo bai tafi ba, to ko dai ba can ciwon yake ba, ko kuma akwai wani abu da ke kashe duk famfon da aka saka. A wasiƙarka ban ga inda ka ce an taɓa auna ƙarfin da mai yake isa injin da shi ba, alhali daga nan ya kamata a fara.

A motoci irin taka famfo yana cikin tanki, da lantarki yake aiki, yana tura fetur ta cikin filta zuwa bututun da ke ciyar da nozul-nozul. Yawancin injinan fetur na zamanin motarka suna buƙatar matsin da ya kai wajen bar 3 zuwa 4, wato kimanin psi 40 zuwa 60 a kan geji, amma ainihin adadin kowace mota yana cikin littafin kamfanin da ya ƙera ta. Lokacin da mota take silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, ko take tafiya a miƙaƙƙen titi, ɗan mai kaɗan take sha, har famfon da ya gaji ko filtar da ta fara toshewa suna iya wadatar da ita. A cikin yashi kuwa kana ƙaramar giya, injin yana juyawa da sauri, taya tana nutsewa, saboda haka buƙatar mai tana ninkawa, kuma a nan ne raunin yake bayyana. Wannan shi ya sa gwajin da ake yi a gareji mota tana tsaye yake yaudarar mutane: geji zai nuna daidai, a ce maka babu komai, kai kuma gobe ka sake maƙalewa a bayan Eleko.

Ka nemi bakaniken da yake da gejin auna matsin mai. In ma babu, ana samunsa a kasuwar Ladipo da ke Mushin, kuma ya fi arha a kan a yi ta sayen famfo. Kafin a kwance kowane tiyo a cire fiyus ɗin famfo, a bar injin ya mutu da kansa domin matsin ya sauka, a nisanta sigari da janareta, a ajiye tukunyar kashe gobara kusa. Bayan an ɗaura geji a duba shi a silo, a duba idan an taka totur da sauri, sannan a yi babban gwajin: a manna gejin a wajen gilashin gaba inda wanda ke gefen direba zai iya ganinsa, ba tare da an shigo da tiyon mai cikin mota ba, a je wurin da ta saba mutuwa. Idan allurar geji ta fara sauka kafin injin ya shaƙe, mai ne ba ya isa. Idan kuwa allura tana tsaye daram amma injin ya ɗauke farat ɗaya, to a bar maganar famfo, a koma wajen wuta. Akwai na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yadda ƙaramshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa a cikin injin, ke zagayawa, kuma an san ta da ɗaukewa idan ta yi zafi, ta dawo aiki idan ta huce, abin da ya yi kama da hutun da motarka take nema.

Mu ɗauka allura ta sauka. Abu na farko ba zai ci maka komai ba sai kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, yawancinmu ɗan kaɗan muke zubawa, muna yawo fitilar gargaɗi tana kunne. A kan kwalta ana iya lallaɓawa haka, amma a tudu ko a hanya mai gargada man yana gangarawa gefe guda na tanki, famfo ya zuƙi iska. An tsara famfo ya zauna cikin wani ƙoƙo na roba da ke riƙe masa mai a irin wannan yanayi, sai dai sau da yawa idan an zo canja ƙaramin injin famfon kaɗai akan fasa ƙoƙon nan, ko a mayar da shi bai zauna daidai ba. Ga shi kuma fetur ɗin ne yake sanyaya famfo, don haka tankin da kullum yake ƙasa yana rage masa kwana. Ka cika tanki ya wuce rabi ka bi hanyar da ka saba da kaya iri ɗaya. Idan matsalar ta ɓace, an rage wuraren da za a bincika.

Abin da na fi zargi a motarka shi ne dattin tanki. Motar da ta haura shekara 20 ba ta rasa laka da ɓurɓushin tsatsa ko na roba kwance a ƙasan tankinta. A kan titi mai laushi dattin yana kwance abinsa, amma girgizar hanyar yashi tana tayar da shi, famfo ya jawo shi ya manne a jikin 'yar ragar da ke bakinsa har mai ya daina wucewa. Da injin ya mutu zuƙar ta tsaya, dattin ya saki ragar ya koma ƙasa, motar ta tashi kamar babu abin da ya same ta. Wannan bayanin ya dace da duk abin da ka faɗa, har da mutuwar famfo biyu, tunda famfon da ke ja ta cikin toshewar raga yana yin zafi ya lalace da wuri. Maganinsa a sauke tanki, a wanke shi, a busar, a sa sabuwar raga da sabuwar filta. Ka ce a yanka tsohuwar filtar a gabanka: takardar da ke ciki idan ta zama baƙa ƙirin, ko ka ga ja-ja-jan tsatsa a tsakanin naɗe-naɗenta, ka ga shaidar da idonka.

Sai kuma numfashin tanki. Duk litar da injin ya sha dole iska ta shiga ta maye gurbinta, kuma hanyar iskar tana ƙarƙashin mota inda taɓo yake toshe ta. Ranar da ta sake mutuwa, ka buɗe murfin tanki nan take ka saurara. Idan ka ji doguwar ƙarar iska tana shiga, kuma motar ta tashi ba tare da jiran da ka saba ba, to a wanke hanyar iskar.

Kada kuma a manta da mai wayarin, domin famfo mai lafiya ma ba ya ba da cikakken ƙarfi idan wuta ba ta isa gare shi. Injin yana aiki batir yakan nuna bolt 13.5 zuwa 14.5, kuma abin da za a samu a soket ɗin famfo bai kamata ya gaza wannan da fiye da rabin bolt ba, sai dai in motar tana cikin waɗanda aka ƙera su da rage wa famfo wuta a silo, abin da littafinta zai nuna. A duba rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta, wanda shi ma yana iya sakewa idan ya ɗau zafi, a duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, a zare soket ɗin saman tanki a ga ko robarsa ta yi launin ƙasa-ƙasa alamar ƙuna. Danshin Legas da iskar gishirin bakin teku a ɓangaren Lekki ba sa barin irin waɗannan mahaɗai su daɗe ba su yi tsatsa ba.

Shi kansa man a gwada shi. A ɗebi kaɗan daga ƙasan tanki a zuba a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa da layi a bayyane. Ba a manta watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukuma ta tabbatar da shigowar fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja, amma a yau da kullum haɗarin ya fi zuwa daga jarkar 'yan bumburutu da gangar da aka bari a buɗe a wurin gini.

Game da kwamfutar bincike da ake jona wa mota domin ta nuna lambobin matsala, tana da amfani amma ba ta maye gurbin geji. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗinta. Lamba P0171 ko P0174 tana nuna iska ta rinjayi mai, P0335 tana nuni ga na'urar ƙaramshaf da na ambata, amma yawancin motocin shekarun taka ba su da abin da ke auna matsin mai, saboda haka rashin lamba ba shaidar lafiyar famfo ba ne. Haka nan jona famfo a batir a ji yana kuka, kamar yadda ake yi a bakin shago, bai nuna ƙarfin da zai bayar ba, ga kuma haɗarin tartsatsi kusa da fetur.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Tun da damina ta sa na ratsa ambaliya a kan hanyar Ikorodu, jif ɗina take mutuwa a cikin gosulo, musamman idan an kunna na'urar sanyaya mota. A kan gadar Third Mainland kuwa gudu take yi ba tangarɗa. Direbana ya ce famfon mai ne. Ko gaskiya ne?

Daga wata mai karatu a Idi-Araba

Amsa

Barka kadai, Hajiya. Da wuya ya zama famfo. Motar da ta iya cinye tsawon gadar nan, kusan kilomita 12, da gudu ba ta shaƙe ba, tana samun mai isasshe a lokacin da ta fi buƙatarsa. Mutuwa a silo ta fi alaƙa da iska: maƙogwaron da totur ke buɗewa yana tara baƙin datti, 'yar hanyar da iska ke bi idan an ɗaga ƙafa ta ƙuntata, sai na'urar sanyi ta ɗora wa injin nauyi ya kasa ɗauka. A wanke shi, a duba ƙananan tiyoyin iska ko wani ya tsage ko ya zare. Tunda abin ya faro ne bayan shiga ruwa, a buɗe akwatin filtar iska. Idan filtar ta jiƙe ta bushe za ki ga ta cukurkuɗe, sai a canja ta, a tsabtace na'urar auna iska da ke bayanta da maganin da aka yi dominta kawai, a kuma zare koyil-koyil a ga ko ruwa ya kwanta a ramukan fulogi.

Ki ja kunnen direban naki a kan abu guda. Idan mota ta mutu a tsakiyar ruwa kada ya sake murza makulli, domin ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa kamar iska, kuma kik ɗaya yana iya lanƙwasa sandar fistin. A tura ta waje, a cire fulogi, a fitar da ruwan, a duba baƙin mai ko ya koma ruwan madara kafin a tayar da ita.

Tambaya

Ranka ya daɗe, ni direba ne, ina ɗaukar kaya daga kasuwar Mile 12 da tsohuwar jif ta maigidana. Idan na kashe ta na ɗan jima, sai na daɗe ina kik kafin ta tashi, tana fitar da baƙin hayaƙi da warin fetur, kuma shan manta ya ƙaru sosai har maigida ya fara yi mini wani irin kallo.

Daga wani matashi a Ketu

Amsa

Samari, taka matsalar yawan mai ce, ba ƙarancinsa ba. A tsofaffin motoci da ke mayar da ragowar fetur tanki, akwai na'urar daidaita matsi a ƙarshen bututun nozul, da siririn tiyon iska a kanta. Ka zare wannan tiyon ka duba: bai kamata a ga ɗigon fetur ko a ji warinsa a ciki ba, idan an gani to robar da ke cikin na'urar ta ɓule, injin yana shan mai ta bayan fage. Idan tiyon a bushe yake, a ɗaura geji, a kashe injin, a zuba ido. Matsin ya kamata ya zauna na wasu mintoci, saukarsa da sauri kuma tana nufin ko nozul yana ɗiga cikin silinda, ko bawul ɗin famfo yana sakin mai ya koma tanki. Baƙin hayaƙin da ka ambata ya fi karkata ga nozul. Ka shinshina sandar auna baƙin mai, idan tana warin fetur a yi juye tare da gyaran, kuma ka roƙi maigidanka ya tsaya a gareji da kansa lokacin da za a zare tiyon.