Maigidana ya daina sakar mini fuska, ko in bar shagon?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda muke sayarwa, shekarata 6 tare da maigidana. Bayan ƙaramar Salla aka yi lissafin kaya, aka ga babu turmi uku na atamfa. Bai ce wa kowa komai ba, amma tun daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice, idonsa na kan waya. Na tura masa saƙo a WhatsApp, ya karanta bai amsa ba. Na tabbata ni yake zargi. Yanzu barci ya ƙaurace mini, in na ji muryarsa gabana faɗuwa yake, har na fara makara da gangan don kada mu haɗu. Ina son in bar shagon kafin a tozarta ni, duk da ya yi mini alkawarin sallama baɗi. Wallahi ban ɗauki komai ba.
Wani matashi, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka bar shagon nan, aƙalla ba a wannan watan ba.

Na karanta wasiƙarka da biro a hannu, ina ja wa abin da ya faru layi. Kaya sun ɓace, an amsa gaisuwa a taƙaice, saƙo ya tafi babu amsa. Shi ke nan. "Ni yake zargi" kuwa babu wanda ya furta ta, kai ka faɗa wa kanka, kuma ita ce ta hana ka barci. Da ranar nan zuciyarka ce maka ta yi "Alhaji na cikin damuwa", da tausayinsa za ka ji, wataƙila ma ka riga kowa buɗe shago.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura da wannan a shekarun 1960 yana aiki a Jami'ar Fensilbaniya. Ya ga masu ciwon baƙin ciki suna da wasu gajerun tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama, su wuce da sauri har mutum bai ankara ya yi su ba, sai dai ya ji ransa ya ɓaci. Daga nan aka gina hanyar magani da ake koya wa mutum ya kama tunanin ya tuhume shi, kuma har yau tana cikin waɗanda aka fi gwadawa a duniya wajen maganin fargaba da baƙin ciki. Cikin kurakuran da masu wannan fanni suka lissafa, biyu suna cikin wasiƙarka ƙarara. Na farko ka shiga zuciyar wani ka karanto abin da ke ciki ba tare da ya faɗa ba. Na biyu ka tsallaka kai tsaye zuwa mafi munin abin da zai iya faruwa, ka ga ana tozarta ka a gaban 'yan layi alhali ko kiranka ba a yi ba.

Faɗuwar gaban nan gaskiya ce, ba raki ba ne. Da zarar ƙwaƙwalwa ta yanke cewa akwai haɗari, sai ta sa jiki ya saki sinadarin adrenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, baki ya bushe. Jikin ba ya tsayawa tambayar ko haɗarin ya tabbata. Matsalar ita ce daga baya sai mutum ya ɗauki faɗuwar gaban a matsayin hujja: tunda gabana na faɗuwa, lallai akwai wani abu. Alhali tunanin ne ya haifi faɗuwar gaban tun farko.

Za ka ce ai labarin zuciya a tambayi fuska. Ni karin maganar nan rabinta na yarda da shi. Fuska na nuna akwai damuwa, amma ba ta faɗin ta mece ce. Ɗan kasuwar Kwari yana da abin da zai ɗaure fuska a kai ko babu kai a duniya. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023, mai sayo kaya daga Sin da dala bai ƙara yin lissafi cikin kwanciyar hankali ba. Ga bashin da ya bayar ba a biya ba, ga hayar shago, ga abin da ke gida wanda ba zai taɓa faɗa wa yaronsa ba. Kuma ba kai kaɗai ne a shagon ba.

Ga inda na fi jin tsoro. Ka zauna a kujerar Alhaji ka duba. Kaya sun ɓace, sai yaron da shekara da shekaru ba ya makara ya fara makara, ba ya haɗa ido da kai, rannan kuma a wayi gari ya tafi ana saura shekara guda a sallame shi. Me za ka ce? Zargin da wataƙila babu shi, kai kake ƙera shi da hannunka. Mutanenmu na cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta ce a nisanci da yawa daga zato. Kai ma fa zato kake yi wa maigidanka.

Ban ce ka zauna kana lallashin kanka cewa komai lafiya ba. Mai yiwuwa ne yana zarginka, ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma hanya ɗaya ce ta sani. Gobe ka riga kowa zuwa. Bayan la'asar, in ciniki ya lafa, ka same shi shi kaɗai ka ce: "Alhaji, maganar kayan nan ta tsaya mini a rai. In akwai abin da kake son tambayata, ga ni." In nauyinsa ya hana ka, ka tafi da wanda ya kawo ka shagon tun farko. Ko da amsar ba ta yi daɗi ba, ka samu abin da za ka kare kanka a kai, ba inuwa ba.

Kafin nan, ka sami takarda da safe, lokacin da hankalinka ke kwance, ka rubuta hujjojin da ke nuna yana zarginka da waɗanda ke nuna akasin haka. Har yanzu kai ke riƙe makulli? Yana aikenka banki? Wannan dabara ba ta Turawa kaɗai ba ce. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya ba da shawarar mutum ya tanadi lafiyayyun tunane-tunane tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo. Ƙarfe biyun dare ba lokacin yanke hukunci ba ne, lokacin ɗauko takardar nan ne.

In bayan kun yi magana rashin barcin ya zarce mako biyu, ko abinci ya fita ranka, ko ka fara jin gara mutuwa, ka je asibiti. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau.

TAMBAYA: Malam, na haihu wata uku ke nan. Wani mugun tunani yana zuwa mini cewa jaririna zai suɓuce daga hannuna. Ina korarsa yana dawowa, har ina tsoron yi masa wanka. Ko wani abu ne ya same ni?
Wata uwa, Zariya

AMSA: 'Yata, Allah ya raya. Irin wannan tunani yana zuwa wa masu jego da yawa, ba sa faɗa ne kawai. Tsoron da yake ba ki shi ne shaidar cewa ba nufinki ba ne. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya muddin ba su aikata ko sun furta ba.

Korar da kike yi ce ke dawo da shi. A 1987 wani masani, Daniel Wegner, ya ce wa mutane kada su tuna farin beyar, wata dabbar daji, na minti biyar. Sun kasa, kuma da aka sake su sai tunanin ya fi yawaita. In ya zo, ki ce a ranki "ga shi nan kuma", ki ci gaba da abin da kike yi. Kada ki daina wankan, domin gudu na ƙara masa ƙarfi. Ki zauna a ƙasa, baho a gabanki, wata babba a kusa na 'yan kwanaki. In kuka ya yawaita, ko ba kya barci ko da jaririn ya yi, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar rigakafi ta haɗa ki da likita.