Tabulet, kwamfuta ko kwas: wanne ya kamata a fara kashe wa kuɗi?

Wata uwa ta rubuto cewa tana da yara biyu, mai shekara 4 da mai shekara 9. Ta tara ɗan kuɗi tana son saya musu abin karatu, sai dai ta rasa zaɓi tsakanin tabulet da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ta ƙara da cewa saninta na waya bai wuce WhatsApp da kiran bidiyo ba, babban ɗan ma ya fi ta sanin lungu da saƙon wayarta.

Hajiya, ki ɗan riƙe kuɗin nan tukuna, ko da na mako biyu ne. Maganarki ta ƙarshe ce ta sa na ce haka. A shekarar 2005 an kafa wani shiri mai suna One Laptop per Child, da nufin a damƙa wa kowane yaro kwamfutarsa. Ƙasar Peru ta rungumi shirin, ta raba kwamfutocin da yawansu ya kai ɗaruruwan dubbai. Da masu bincike suka fitar da sakamako a 2012, sai aka ga yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai motsa ba. Cikin abubuwan da aka yi ta nuna wa yatsa har da ƙarancin horon malamai. Idan gwamnati da ƙarfinta ta gamu da haka, gida ma zai iya gamuwa da shi: na'ura ta shigo, babban mutumin da zai ja ragamarta bai shirya ba.

A cikin makonni biyun, ki koyi abu uku a wayar da ke hannunki. Ki sauke manhajar Family Link ta Google idan Android ce, in kuma iPhone ce ki nemi Screen Time a cikin saitinta. Da su za ki ƙayyade awannin da yaro zai yi a rana, ki sa lokacin da na'urar za ta kulle kanta da dare, kuma ba zai sauke wata manhaja ba sai kin amince. Sai ki koyi sa kalmar sirri a kan duk wani saye, domin wasannin da ake cewa kyauta ne cike suke da maɓallan da yaro zai danna kuɗi ya fita. Na uku, ki iya duba abin da ya kalla jiya. Wa zai koya miki? Ɗan naki mai shekara 9. Ki zaunar da shi kusa da ke, wayar na hannunki, shi yana nuni da baki ke kina dannawa. Da zarar ya miƙo hannu zai karɓa, ki ce a'a, faɗa mini dai. Zai ji daɗin zama malami, ke kuma hannunki zai saba. Kalmar sirrin kaɗai ce za ki sa bayan ya tafi barci.

Ƙaramin ba ya buƙatar tasa na'urar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana zaune gaban allo, in ya gaza hakan ma ya fi. Minti ashirin a wayarki, yana jingine a jikinki, kuna ƙirga abubuwa a manhaja irin Khan Academy Kids, wadda kyauta ce kuma ba talla a cikinta, ya ishe shi.

Babban kuwa, ni kwamfuta zan zaɓa masa. Tabulet na jan yaro ga kallo da shafa, kwamfuta na sa shi rubutu da ƙirƙira. Akwai Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara masu shekara 8 zuwa 16, inda yaro ke jera umarni kamar tubali ya haɗa ɗan wasansa ko labarinsa mai motsi. Ana iya sauke ta a yi aiki ba intanet. In kuɗin bai kai ba sai tabulet, to ki kiyayi masu launi-launi da ake tallatawa da sunan na yara. Sau da yawa rigar ce mai kyau, cikin kuwa ya raunana. Ki nemi mai ƙwaƙwalwar RAM, wato wadda na'ura ke aiki da ita a lokacin da take kunne, aƙalla gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64, ki tabbatar Play Store na buɗewa a gabanki, sannan ki haɗa da riga mai kauri. Za ta faɗi ƙasa, ba ko shakka.

Wani malamin firamare ya ce yana son ya iya amfani da kwamfuta a aikinsa. Kuɗinsa ba zai ɗauki abu biyu ba: ko ya sayi kwamfutar gwanjo, ko ya biya kuɗin wani kwas na wata uku da aka ce ana ba da takardar shaida.

Malam, sayi kwamfutar. Wanda ya yi wata uku yana kwas ya dawo gida ba abin da zai taɓa, kafin wata uku na gaba rabin karatun ya zube. Darussa kuma ga su kyauta, Google da Microsoft duk suna da sashen horar da malamai a intanet. Sai dai in hukumar da kake wa aiki ta ce wannan takardar ce sharaɗin ƙarin girma, to nan lissafin ya canja.

Gwanjo na son ido. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, saboda haka ka nemi wadda ke ɗaukar Windows 11. A kwamfutocin da ke da injin kamfanin Intel, yawanci daga zubi na 8 na injin ne zuwa sama. Duba sunan injin: in ka ga i5-8250U, lambar 8 da ke bayan ɗan layin ita ce zubin, i5-6200U kuwa zubi na 6 ne, ka wuce ta ko da mai sayarwa ya rantse. Ka so RAM gigabait 8 da ma'ajiya nau'in SSD, wato mai sauri. Kafin ka biya, buɗe Notepad, manhajar rubutu da ke cikin Windows, ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ka gwada kowace kafar USB, ka zare caja ka bar ta kunne kuna hira. In batirin ya sauko da gudu cikin minti goma sha biyar, ka san abin da ke jiranka a tsakiyar darasi.

Idan ta zo hannu, kada ka fara da abin burgewa. Fara da abin da ke cin darenka, wato tattara maki. Shigar da sunayen ɗalibai da makinsu a Excel, manhajar jadawali da lissafi, ko a LibreOffice Calc wadda kyauta ce, ka koyi haɗa jimla da fitar da matsakaici. Ranar da ka gyara makin yaro ɗaya ka ga jimlar ta gyara kanta, ba wanda zai sake roƙonka ka koyi kwamfuta. Daga nan ka nemi Kiwix, mai ba ka damar ajiye Wikipedia a kwamfuta ka karanta ba intanet, da Kolibri mai ɗauke da darussa a kan tsari iri ɗaya. Wata 'yar magana kuma, tunda na san za ka buɗe wa iyaye zaure a WhatsApp: makin yaro da laifinsa ka tura wa iyayensa su kaɗai. Abin da ya shiga zaure ba ya dawowa.

Wani uba ya gano 'yarsa mai shekara 14 da ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa, take yin aikin gida. Yana tambaya ko ya hana ta, ko kuwa ya biya mata na kuɗi tunda an ce ya fi ƙwarewa.

Alhaji, kada ka biya, hanin ma ba zai yi tasiri ba tunda ƙawayenta na da shi. Ƙa'idar kamfanin ta ce wanda bai kai 13 ba ba ya amfani da shi, wanda bai kai 18 ba kuma sai da izinin iyaye, ka ga ashe da ma maganar a hannunka take. Ka fara gwada shi da kanka. Yi masa tambayoyi biyar a kan sana'arka, abin da ka sani kamar yunwar cikinka. Za ka ga inda ya burge ka, kuma mai yiwuwa ka kama shi yana shirga kuskure cikin natsuwa, domin jera kalmomin da suka dace da juna yake yi, ba ya jin nauyin ƙarya. Ka nuna mata wannan. Sannan duk aikin da ta gama, ta kife wayar ta bayyana maka shi da bakinta. In ta iya, ka ƙyale ta. In ta tsaya inda-inda, ta ɗauko littafi ta sake, wayar kuma ta kwana a ɗakinka.