Injin haɗa kilorin da gishiri: in ci bashi in saya?

Tambaya: Ina sayar da ruwan sha, kusan lita 20,000 a rana. An tallata mini injin da ke amfani da gishiri da lantarki yana kashe ƙwayoyin cuta. In ci bashi in saya?

Amsa: Malam, injin ba yaudara ba ne. Lantarki ne ke ratsa ruwan gishiri tsakanin farantan ƙarfe, sai ya fitar da ruwan kilorin mai ƙarfin kusan kashi 0.8 cikin 100, wanda kake zubawa a tankinka. Kilo ɗaya na kilorin yakan ci gishiri wajen kilo 3, da wuta yunit 4 zuwa 5.

Amma zauna mu yi lissafi. Idan kana sa miligiram 2 a kowace lita, ruwanka na yini giram 40 kawai yake bukata, wato kilo ɗaya zai kai ka kwana 25. To, nawa kake kashewa kan kilorin a wata? Wannan ɗan kuɗin ne injin zai rage maka, daga cikinsa kuma za ka biya bashi har da kuɗin ruwansa. A ganina bai kai a ci bashi ba. Injin ya fi biyan mai tace ruwa da yawa, ko wanda yake nesa da masu kawo kilorin, tunda na sayarwa ƙarfinsa yana raguwa in ya daɗe a ajiye cikin zafi.

Abin da dillali ba ya saurin faɗa shi ne farantan. Taitaniyam ne da aka shafe da ƙarafa masu tsada, shafin yana cinyewa, kuma canza su shi ne babban kashin kuɗi. In ruwanka na da yawan sinadarin kalsiyam, ɓawo zai riƙa daskarewa a kansu, sai an wanke da asid. Ka tambayi garanti a rubuce, da inda ake samun kayan gyara. Injin yana kuma fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, dole ɗakin ya zama mai shan iska.

Ni da za ka ji tawa, matatar ruwa da abin gwajin kilorin zan fara saya, domin kilorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Hukumar Lafiya ta Duniya na so a samu ragowar kilorin aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa. Ka riƙa gwadawa kullum kana rubutawa, in ciniki ya ninka sai mu sake lissafin injin.