Tambayoyinku: Zanen gida a kwamfuta da rigingimunsa

Wasiƙun wannan mako kusan duk na masu zanen gida ne, magina da ɗalibai da ma masu fili da ke son ganin gidansu a allo kafin a sauke bulo na farko. Na zaɓi shida.

Wani matashi da ke taya mahaifinsa aikin gini a unguwar Zariya ta nan Maraɗi ya ce: "Kawuna ya aiko mani da zanen gida daga Katsina. Da na saka shi cikin zanen filinmu a AutoCAD, sai gidan ya haɗiye filin har ya wuce titi. Fayil ɗin ne ya lalace?"

Ƙanena, lafiyar fayil ɗinka ƙalau. Awo ne bai zo ɗaya ba. AutoCAD, wato shirin zane na kwamfuta, lamba kawai ya sani. In ka rubuta 50, bai damu ba ko mita kake nufi ko ƙafa ko milimita. Mu nan da mita muke awo, amma da ka wuce Ɗan Isa ka shiga Jibiya za ka ji ana maganar fili da ƙafa, kamar faɗi hamsin tsawo ɗari, masu zane kuma da yawa da milimita suke aiki.

Ga yadda nake gane awon duk zanen da aka aiko mani. Nemi ƙofar ɗaki guda, ka auna faɗinta da umurnin _DIST. In ka ga 900, milimita ce. In 90, santimita. In 0.9, mita. In 3 ka gani ƙafa ce, in kuma 36, inci. Ƙofa ba ta ƙarya, don duk inda aka je faɗinta kusan ɗaya ne. Daga nan sai ka zaɓe zanen duka, ka kira _SCALE, ka ba shi 0.3048 in ƙafa ce, 0.0254 in inci ne, 0.001 in milimita ce. Ka lura, ɗigo za ka sa, ba waƙafi irin na lissafin da aka koya mana a lakwal ba. In ka rubuta 0,3048, shi a wurinsa lambobi biyu ka ba shi na wani matsayi a kan zane. Sannan ka duba INSUNITS, wato saitin awo, a fayil ɗinka ka mai da shi 6, wato mita, don gobe in ka shigo da wani zanen da aka saita awonsa daidai ya gyara kansa.

Wannan ɗan layin (_) da nake sa wa a gaban kowane umurni ba ado ba ne. Wasu kwamfutocin garin nan AutoCAD na Faransanci suke da shi, wasu na Ingilishi. In ka fara da shi, umurnin Ingilishi zai yi aiki a kowanne.

Amma fa akwai abin da ya fi wannan. Fili mai ƙafa 50 a 100 mita 15.24 ne a 30.48. In naku mita 15 ne a 20, gidan kawu ba zai shiga ba ko ka gyara awo. Kada ka yarda ka matse shi da _SCALE har ya shiga. Na taɓa ganin zanen da aka yi wa haka, a allo gwanin sha'awa, sai da muka auna muka tarar ƙofar santimita 90 ta koma 59, ko katifa sai an naɗe ta za ta wuce. Rage ɗaki ɗaya, ko ka ja bango da _STRETCH, ko ka sake zane.

Wata ɗaliba ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta ce: "Batirin kwamfutata ya mutu, sai da kuran take aiki. An ɗauke wuta ina tsakiyar zane, aikin wuni guda ya tafi. Akwai dabara?"

Ɗiyata, kar ki sake zana komai tukuna. Buɗe AutoCAD, sau da yawa shi da kansa zai nuna maki jerin fayilolin da ya ceto. In bai nuna ba, rubuta _DRAWINGRECOVERY. In nan ma shiru, akwai wurare biyu. A cikin jakar da zanenki yake za ki ga wani fayil mai suna iri ɗaya da ya ƙare da .bak, shi ne zanen kamar yadda yake kafin ajiyarki ta ƙarshe. Na biyun ya fi daraja: fayil mai ƙarewa da .sv$, wanda manhajar ke ajiyewa da kanta duk minti 10. Rubuta %TEMP% a wurin bincike na Windows, ki jera fayilolin bisa kwanan wata, ki ɗauki na ranar. Kwafe shi zuwa wani wuri, ki canza ƙarshen sunan ya koma .dwg. Windows kan ɓoye ƙarshen suna, sai kin ce masa ya nuna. In ya ƙi buɗewa, gwada _RECOVER.

Ki sa SAVETIME, wato mintin da manhajar ke jira kafin ta ajiye da kanta, ya zama 5. Masu zane da manhajar SketchUp, naku fayil ɗin .skb ne, ku mai da shi .skp. Ni dai da zafin Afrilu ya kama ana yawan ɗauke wuta, yatsana ba ya nisa da Ctrl da S, maɓallan ajiye aiki.

Wani malami daga Tibiri: "In na rubuta ɗaki ko ƙofa a kan zane, sai in ga ?aki da ?ofa."

Malam, tsofaffin haruffan AutoCAD masu ƙarewa da .shx ba su san ƙugiyar Hausa ba. Shiga _STYLE ka zaɓi irin rubutun da ke da su, kamar Noto Sans ko DejaVu Sans, duk kyauta ne. In madanninka ba shi da harafin, rubuta \U+0257 a cikin rubutun ya ba ka ɗ, \U+0199 ya ba ka ƙ, \U+0253 ya ba ka ɓ, \U+01B4 ya ba ka ƴ. Wanda za ka aika wa, in ba shi da irin rubutun a kwamfutarsa, alamar tambaya za ta dawo, don haka aika masa PDF.

Wani mai ɗab'i kusa da babbar kasuwa ya ce ana kawo masa zane a USB, tsohon AutoCAD ɗinsa ya ƙi buɗewa.

Sabo yana karanta tsoho, tsoho ba ya karanta sabo. Tsarin DWG ya canza a 2007, 2010, 2013 da 2018. Ka ce mai zanen ya yi _SAVEAS ya zaɓi 2010, ko ka sauke DWG TrueView, kyauta ne, yana juya fayil zuwa tsohon tsari.

Wani magini ya kawo ƙara: an buga masa zane an rubuta 1/100 a ƙasa, ya ɗora rula, komai bai dace ba.

Maigida, a 1/100 santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa, ƙofar 90 kuwa milimita 9. Fili mai mita 20 a 30 yana son santimita 20 a 30 na takarda, ita kuwa A4 tsawonta 29.7 ne, ga kuma gefen da injin ba ya bugawa. Sai mai bugawa ya danna "Ajuster" don zanen ya shiga takarda, komai ya ɗan ragu ba wanda ya sani. Ka ce a buga a A3, a zaɓi "Taille réelle", wato ainihin girma. Kafin ka biya, auna ƙofa ɗaya a gabansa. Kuma ko an buga daidai, lambar da aka rubuta a zane za ka bi wajen ja igiya.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya a unguwar Ali Ɗan Sofo, wadda ke zana gidanta da kanta da Sweet Home 3D: "Na zana ɗaki mita 4 a 4, amma yana nuna mani faɗin ƙasa bai kai 16 ba. Ga shi wani ɗakin ya ƙi karɓar daɓe."

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kin kuma zaɓi abin da ya dace, kyauta ne kuma ba ya neman intanet. Manhajar tana jan bango ne ta tsakiyar kaurinsa. Bangon santimita 20 zai ci 10 ta kowane gefe, sai cikin ɗakin ya koma 3.80 a 3.80, wato 14.44. In mita 4 kike so a ciki, ja 4.20. Ki tambayi magininki da wane bulo zai yi, na 15 ko na 20, ki sa wannan kaurin tun farko. In akwai ɓangaren da za a yi da laka, nasa kaurin ya fi haka nesa. Shafen siminti ma zai ƙara cin kamar santimita ɗaya da rabi a kowace fuska, ki tuna da shi kafin ki ba kafinta awon gado da durowa.

Ɗakin da ya ƙi daɓe kuwa, akwai kusurwar da bango biyu ba su haɗu ba. Ƙara girman zanen sosai ki bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, za ki ga ɗan giɓin. Zaɓi bangayen biyu ki haɗa su da "Joindre les murs", sannan ki ɗauki alamar yin ɗaki ki danna sau biyu a tsakiya.