Gilez mai ƙyalli: zan iya ƙara masa kwalli?

TAMBAYA: Malam, ina gina kofuna da kwanuka, ina gasawa a tandar lantarki. Na sayi gilez (ruwan shafin da ke zama kamar gilashi a jikin kofi in an gasa) mai ƙyalli na shafawa da buroshi, amma ya fito dishi-dishi, wani wurin ma ya zubo ya manne da farantin tanda. Mai shagon ya ce in daka kwalli in zuba, wai zai ƙara walƙiya, kuma wuta na kashe gubarsa. Na yi kofuna shida haka, yarana suna shan kunun tsamiya a ciki. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Malama, ki ɗauke kofunan nan daga hannun yaran yau, kafin ma ki gama karanta amsata.

Matsalar farko mai sauƙi ce. Ƙwayoyin da ke ba da ƙyallin suna kwanciya a gindin gwangwani, sai kin dama sosai, kina shafawa kina sake damawa. Shafi uku ake yi, kowane ya bushe kafin na gaba. Ki bar kamar faɗin yatsa a ƙasan kofi, domin irin wannan gilez yana gudu. Ki duba lambar zafin gashi da aka rubuta, wadda ake kira kon: na kon 06 yana narkewa wajen digiri 1000, na kon 6 sai ya haura 1200. Kullum ki fara gwadawa a ɗan tsingaro.

Maganar kwalli ce ta tayar min da hankali, don kusan kullum sai na ji ta. Kwallin dutse mai walƙiya dalma ce. Wuta ba ta kashe dalma, ba ƙwayar cuta ba ce. Narkewa take yi ta shige cikin gilez, ta zauna tana jiran abu mai tsami. Tsamiya, zoɓo, nono, lemon tsami, miyar tumatir, duk suna tsotso ta kaɗan-kaɗan, ba ɗanɗano, ba wari. Ƙyallin ma ba za ki samu ba, don da zarar ya narke walƙiyar ta tafi. Ga ƙurar dakan da kika shaƙa, ga hayaƙin tanda.

Mai shago ya sayar ya karɓi kuɗinsa, ba shi zai yi jinya ba. Mun manta da Zamfara ne? A 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, wasu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Yaro zai yi ta shan dalma ba a gani ba, sai dai a ga ya daina cin abinci, yana ciwon ciki, karatu ya tsaya. Masu cewa a gwada kwano ta hanyar ɗora masa yankan lemon tsami ya kwana a gani, su sani: in launi ya sauya, kwanon ya faɗi gwajin, amma rashin sauyawa ba shaidar lafiya ba ce.

Ki kai yaran asibiti, ki ce a auna dalma a jininsu, ki ambaci kwallin. Turmin da kika yi dakan kada ya koma kicin. Kofunan ki fasa su, kada ki bayar kyauta. Nan gaba, mai ƙyalli ya tsaya a bayan kofi, can ƙasa da inda leɓe ke taɓawa. Ciki kuwa ki shafa gilez garai-garai wanda aka rubuta a jikinsa ba dalma, kuma ya dace da abinci.