Me ya sa injinan sassaƙa ƙarfe suke araha a gwanjon masana'antu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Jega, kuma yawancin aikina gyaran injinan casar shinkafa ne da na ban-ruwa. Duk lokacin da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya lalace sai na aika da shi Birnin Kebbi ko Sakkwato a sassaƙo mini wani. Wani abokina ya nuna mini tsofaffin injinan sassaƙa ƙarfe da ake gwanjonsu a masana'antun da suka rufe, a nan gida da kuma Ingila, kuma kuɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai da na sabo. Akwai lauje cikin naɗi ne, ko in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Arahar da ka gani ta gaskiya ce, kuma galibi ba ha'inci ne ya kawo ta ba, matsi ne. Idan masana'anta ta durƙushe, banki yana son kuɗinsa, mai gini yana son a fitar masa da kaya, shi kuwa wanda aka ɗora wa alhakin sayarwa an yanka masa wa'adi, don haka ba shi da damar jiran mai saye da daraja. Masu sayen kuma ba su da yawa, domin injin da ya haura tan ɗaya ba kowa ke da wurin ajiye shi ba. A Turai da Amurka akwai ƙarin dalili: masana'antu sun koma ga injinan da kwamfuta ke sarrafawa, saboda ladan ma'aikaci yana da tsada, sai injinan hannu masu nagarta irin su Colchester da Harrison na Ingila, ko Bridgeport na Amurka, suka rasa masu nema. Idan ba a samu mai taya su ba, farashinsu yakan gangaro kusa da abin da 'yan jari-bola za su biya a kan nauyin ƙarfen.

Sai dai kuɗin da aka sallama a wurin gwanjo wani ɓangare ne kawai na lissafin. Kamfanonin gwanjo na waje sukan ɗora la'adarsu a kan mai saye, sau da yawa kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari, ban da haraji. Ana sayar da injin ne a yadda yake, a inda yake, babu garanti kuma babu mayarwa, sannan kai za ka nemo masu kwance shi da motar ɗaga kaya kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba ka biya kuɗin ajiya ko ka rasa kayan. Na Ingila kuma sai an ƙara kuɗin jirgin ruwa, da kwastan, da harajin VAT na kashi 7.5, da jigila daga Apapa har Jega. A ganina, mai sayen inji guda ɗaya bai kamata ya fara da ƙasar waje ba. Ya duba Kano da Kaduna tukuna, inda zai ga kaya da idonsa, kuma kasuwar Panteka ta Kaduna ba ta rasa masu sanin inda irin waɗannan injina suke.

Batun wuta yana bukatar a warware shi tun kafin a taya. Kusan duk injinan masana'antu da wuta mai layi uku suke aiki, wajen bolt 400 zuwa 415, alhali yawancin shaguna layi ɗaya gare su mai bolt 230. Ko dai ka nemi kamfanin wuta na Kaduna, wanda Kebbi ke ƙarƙashinsa, ya ja maka layi uku, ko ka tanadi janareta mai layi uku da ya fi ƙarfin motar lantarkin da ke juya injin sosai, saboda tana jan wuta ninki-ninki a lokacin tashi. Injin Amurka an ƙera shi ne a kan hats 60 (ma'aunin yawan kai-komon wutar lantarki a daƙiƙa ɗaya), mu kuwa 50 gare mu, don haka gudunsa zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma ƙarfin wutarsa ba lalle ya dace da namu ba.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne lafiyar injin, kuma sabon fenti ba ya nuna ta. Ka duba gadon da keken da ke ɗauke da wuƙar sassaƙa ke gudu a kai, musamman kusa da bakin da ke riƙe ƙarfe, domin a nan ake yawan aiki kuma a nan yake fara cinyewa. Ka ɗan ɗaure keken a wannan wuri sannan ka tura shi zuwa ƙarshe. Idan ya cije a hanya, gadon ya zaizaye, kuma gyaransa yakan fi kuɗin injin. Idan an yarda a kunna, ka saurari akwatin giya a kowane gudu, ka taɓa wajen boris ka ji ko yana zafi, sannan ka sassaƙa sandar ƙarfe mai tsawon santimita 30 ba tare da tokare ƙarshenta ba, ka auna kaurin farko da na ƙarshe. Bambancin da ka samu zai iya fitowa a shaf ɗin da za ka yi wa manomi. Ka kuma ƙirga kayan haɗi, wato bakunan riƙo, da matokarin baya, da giyoyin canji, domin a gwanjo akan raba su a sayar daban, kuma neman na injin da ya shekara hamsin wahala ce babba. Tsofaffin injinan Ingila da yawa a ma'aunin inci suke yanka zaren noti, alhali injinan ban-ruwa na Sin da Japan da ke fadamun Kebbi na milimita ne, sai ka tabbata wanda za ka saya yana yanka duka biyun.

Tsohon inji mai kwamfuta kuwa, komai araharsa ka bar shi, domin allon lantarki guda ɗaya idan ya ƙone zai iya tsayar da shi har abada. Aikin shaf da bushin da fuli matsakaicin injin hannu mai tsawon mita ɗaya tsakanin baki da matokari ya ishe shi. Ka tafi da gogaggen mai sassaƙa ƙarfe ranar duba kaya ka biya shi ladansa, kuma ka rubuta iyakar kuɗin da za ka taya, bayan ka cire la'ada da jigila da kuɗin zuba kankaren da injin zai zauna a kai.