Riƙe Takardar Tukuna

Sani, ka tambaye ni dalilin da nake hana ka juyawa wajen kantar magani da zarar an miƙo maka takardar likita, alhali likita ya gama nasa aikin, ga kuma mutane suna jira. To, saurara.

Sau da yawa wanda ya kawo takardar ba shi ne marar lafiyar ba. Miji ne, ko ƙane, ko yaron maƙwabta da aka ƙulle wa kuɗi a leda. Shi ya sa tambayarka ta farko ita ce, "Wa zai sha?" Sai shekarunsa. In yaro ne, ka nemi nauyinsa, ga sikeli nan a bakin ƙofa. Dubi Coartem na zazzaɓin cizon sauro: mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Ta yaya za ka tabbatar abin da aka rubuta ya yi daidai in ba ka san yaron ba?

In mace ce, ka matso ka sassauta murya: "Hajiya, akwai juna biyu ko ana shayarwa?" Ba a yin wannan tambayar da ƙarfi a gaban layi. Ka kuma tambayi ko akwai maganin da ya taɓa tayar masa da ƙaiƙayi ko ƙuraje. Wanda Septrin ya yi wa haka, Fansidar ma ka yi kaffa-kaffa da shi, danginsu ɗaya. Kuma me yake sha yanzu, har da jiƙo da tsimi, don mutanenmu ba sa lissafa waɗannan cikin magani sai an tambaye su.

Sannan ka dubi takardar: sunan marar lafiya, kwanan wata, asibiti, sunan likita da sa hannunsa. In ta yi watanni a aljihu, kawo mini.

Inda na fi jin tsoro shi ne rubutun. Chlorpropamide na ciwon suga ne, chlorpromazine na taɓin hankali. Carbamazepine na farfaɗiya, carbimazole kuwa na cutar maƙoƙo. Likitan da ya duba mutane tun safe, in ya ja biro, harufan farko kaɗai ke fitowa, sauran kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Ka ba wanda ba shi da ciwon suga chlorpropamide, sukarinsa ya faɗi ya suma cikin dare, babu wanda ya san dalili. Ɗigo ma yana ɓacewa, 0.5 ta koma 5. Methotrexate kuma sau ɗaya a mako ake shan sa ga masu ciwon gaɓoɓi; in ka ga an rubuta kullum, kada hannunka ya taɓa kwalin. Ba ma yin canki-canka a shagon nan. Mu kira likitan, ko da mai takardar zai ɓata rai.

Tramadol, diazepam da pentazocine kuwa, da wasu ke shaye-shaye da su, ba naka ba ne ko kaɗan. Masu neman su za su zo maka da hoton takarda a WhatsApp, ko wadda aka yi wa fotokwafi, ko ka ga 10 ta zama 40 da wani biron daban. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 masu nema suka ƙara dabara. Kada ka yi musu da kowa, kada ka kira shi ɗan ƙwaya, don wani da gaske ciwo ke cin sa. Ka ce, "Bari in kira oga." Ni zan duba, in na yarda in shigar a rajista.

Gobe kafin mu buɗe, ka ɗauko fayil ɗin tsofaffin takardu, ka karanta mini su ɗaya bayan ɗaya.